Ruwan da Na Hana Ƙanena

Ni tela ne, a kasuwar Bodinga na yi rayuwata, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki zai gaya maka ba na son a koya mini abin da na riga na sani. Wannan halin ne ya kusa kashe ƙanena Ummaru. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, kwanan baya na ji wani dattijo a bakin rumfata yana ba ɗansa mai shirin zuwa tseren dogon zango irin shawarar da na ba Ummaru, da irin muryar da na ba shi ita. Na sa baki, muka rabu ba daɗi. To, ga abin da ya faru da mu, mai karatu ya kiyaye.

Mahaifinmu ɗan aike ne na ƙasa. Tun mota ba ta yawaita ba, shi ke ɗaukar jakar wasiƙu daga Shagari ya kawo Bodinga da gudu, washegari ya koma da wata. Da ƙafafunsa suka gaji Ummaru ya gaje shi, ni kuwa aka kai ni koyon ɗinki, don ko kaza ba na iya kamawa a tsakar gida. Sana'ar tana da ƙa'idodinta. Ana tashi da zarar an sallame sallar asuba, a ɗaure ciki tamau da ɗamara, a sa 'yar tsakuwa ƙarƙashin harshe don kada yawu ya ƙafe. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce, ba a shan ruwa sai an sauke jaka. Baba yakan ce ruwa a cikin mai gudu shi ke tayar da saifa, ya soke mutum a haƙarƙari ya durƙusar da shi. Ko ka wuce rijiyar Lambara mata na jan guga, sai ka kau da kai. Ya yi shekaru yana haka bai taɓa faɗuwa ba, mu kuma muka riƙe maganarsa gam. Abin da ba mu taɓa lura da shi ba, Baba a kan rairayi yake gudu, cikin sanyin safiya, kuma kafin rana ta yi zafi ya iso ya tarar da ƙwaryar fura tana jiransa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ce za a yi wasanni a Kaduna, kowane lardi na Jihar Arewa ya aika da 'yan tserensa. Wani malamin wasanni daga Sakkwato ya zo Shagari a kan keke, ya maƙale cikin rairayi yana tura shi, sai ga Ummaru ya zo ya wuce shi da jaka a baya, har da yi masa sannu. Kafin mako ya zagayo an aiko a kira shi. Aka ce masa tseren mil ashirin da shida ne da ɗoriya. Ummaru ya ce, "Da jaka?" Aka ce babu jaka. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Lokacin Baba ya rasu. Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Dikko, kai na babba, kai aka tahiya da shi. Ka maido man shi yadda kat tahi da shi." Na ce to, ina jin kaina sama, don ban taɓa wuce Gusau ba.

Bazara ce, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah. An ce za a tashi da sassafe, amma manyan baƙi ba su iso da wuri ba, da suka iso kuma aka shiga jawabi, wannan ya sauka wancan ya hau. 'Yan tsere na tsaye a rana. Sai da hantsi ya take aka busa usur. An raba musu takalman kambas, Ummaru bai yi nisa ba ya tuɓe nasa ya jefar a gefen hanya, wai suna matse masa yatsu. Ya ci gaba ba takalmi a kan kwalta. Ni na ɗauki hayar keke ina bin su ta gefe, ina kallon ƙanena yana wuce sojoji da 'yan sandan da ke cikin tseren ɗaya bayan ɗaya, bakina har kunne.

An jera tebura a hanya, ma'aikatan agaji na miƙa wa masu gudu ruwa a kofi da soso jiƙaƙƙe. Ummaru ya wuce na farko, ya wuce na biyu, bai ko kalle su ba. Ni har ina yi wa masu sha dariya a raina, ina cewa yanzu saifa za ta kama su. A tebur na huɗu ne na ga ya rage gudu ya miƙa hannu. Na taka keke na matso na daka masa tsawa: "Ummaru! Kak ka sha! Ka mance abin da Baba yac ce?" Ya janye hannunsa ya wuce. Wani ma'aikaci ya bi ni da harara, na rama.

Bai ƙara mil uku ba na ga gudunsa ya canza. Yana tafiya yana karkata, ya nufi dama ya dawo hagu. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya, da na tuna, shi ne rigarsa ta bushe. Kowa na ɗigar zufa, shi babu. Ya sauka daga titi ya nufi wani kanti, ya tsaya yana lalube a gadon bayansa, sannan ya zube. Da na ɗago shi jikinsa kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Kai wane na? Ina jakar? Ana jirana Shagari." Tafin ƙafafunsa duk ya saɓule.

Mutanen agajin nan da na yi wa dariya su suka cece shi. Suka kwance ɗamarar da na ɗaure masa da hannuna, suka zaro tsakuwar daga bakinsa, suka yi ta kwara masa ruwa, suka sa shi a mota. A asibiti aka naɗe shi da jiƙaƙƙen zane aka sa masa ƙarin ruwa. Ina yi musu godiya har gobe. Kwana biyu bai san inda kansa yake ba, a na uku ya gane ni, ya tambaya ko ya zo na nawa.

Nan na yi kuskure na biyu. Motar da ta kawo 'yan lardinmu za ta koma, malamin asibiti ya ce likita na son a bar shi mako guda, don fitsarinsa bai yi masa ba. Ni kuwa na ga mutum ya farfaɗo yana magana, ga garin da ban san kowa ba, ga ɗinkin babbar Sallah na jirana. Na ce gida za mu, a gida akwai masu jinya. Malamin ya ce in dai na nace, to in riƙa ba shi ruwa a hanya. Na ce to, a raina ina cewa ka ji su da ruwa. Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota, ta Zariya da Funtuwa da Gusau, rana na dukanmu. Na ba shi ruwa, amma kurɓi-kurɓi, don ina tsoron amai.

Makon farko a gida, cinyoyinsa da sharaɓansa suka kumbura suka yi tauri, ko zane ya taɓa su sai ya yi ƙara. Fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba, kuma kullum raguwa yake. Wannan ni kaɗai na sani, don ni ke riƙe shi zuwa bayan gida, kuma ban ga abin faɗa a ciki ba. Wa ke zama gaban mahaifiyarsa yana zancen fitsari?

Gida ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta taso daga Dingyaɗi da ƙunshin saiwoyi, ta karɓe jinyar daga hannun kowa. Gwaggo mace ce mai kirki, ta yi jinyar rabin danginmu, amma in ta faɗi magana ta zauna. Ta taɓa goshinsa ta ce, "Rana ta tab buge shi, zazzaɓi na. A luluɓe shi shi yi zuhwa, ciwon shi hita. Kuma kada wanda ya ba shi ruwan randa, sanyi shi kama mai ƙirji." Aka tafasa ganyen darbejiya aka yi masa sirace safe da yamma, a rufe shi da gwado biyu a kan tukunya mai tururi, a watan da ko jaki neman inuwa yake. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a cinyoyi, baƙin jini ya fito, kowa ya ce ga ciwon nan ya fita. Ni ne mai riƙe gwadon. Ba wanda ya tilasta ni, na yarda da abin da ake yi.

Ruwan kirki da ya shiga cikinsa a makon nan shi ne rubutun da Malam Buhari ke aikowa daga Shagari. Malam Buhari shi ya karantar da Ummaru Alƙur'ani, kuma Gwaggo ba ta isa ta hana shan rubutu ba. Ummaru kan shanye ƙwaryar tas ya lashe baki, mu muna cewa ka ga imani.

A mako na biyu fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka shige. Shaƙuwa ta kama shi ba ta saki, ko me ya ci sai ya dawo, bakinsa na wani irin wari, ga barci ba dare ba rana. Gwaggo ta ce kumburin alamar sauƙi ne, jiki ke cikowa. Ranar kasuwar Bodinga Malam Buhari ya zo da kansa a kan jaki. Ya zauna gefen tabarma ya daɗe yana kallonsa, ya danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya fito ya kira ni zaure.

Ya ce, "Dikko, kwana nawa rabonai da bawali?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah shi gafarta Malam, yau kwana ukku, sai ɗan ɗigo."

Ya ce, "Kuma kana zanne? Rubutu na yi, addu'a muna yi, ba mu bari. Amma wanga ciwo na likita na. Tashi ka nemi mota yanzu, Hajo ni ka yi mata magana."

Ban taɓa jin wanda ya sa Gwaggo ta yi shiru ba sai ranar. Muka samu motar da ta yi lodin albasa za ta birni, aka shimfiɗa Ummaru a kan buhuna. Inna ta biyo mu har ƙofar gida, ta tsaya tana kallona. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asibitin Sakkwato kuwa, a nan na san ana iya mutuwa a layi. Layin yankar kati daban, na ganin malami daban, na ganin likita daban. Na kwantar da Ummaru a gindin bango ina bin layi ina waiwayensa. Mai ba da kati ya tashi cin abinci ya bar mu tsaye, da ya dawo na faɗa masa maganar da ba zan rubuta a nan ba, ya ce in koma baya. Wata tsohuwa da ke gabana, wadda ban san ta ba kuma ban sake ganinta ba, ta ce, "Ɗana, zo ka shiga wurina, nawa ciwon ya saba da ni." Allah Ya saka mata. Sai bayan la'asar muka ga likita.

Likitan Bature ne, wani malamin asibiti mai suna Malam Sidi ke yi masa tafinta. Ya duba Ummaru, ya yi tambayoyi, ni kuma na faɗi komai, har siracen da ƙahon. Da Malam Sidi ya juya masa zancen gwado biyu, sai ya cire tabarau ya dube ni ya daɗe. Sannan ya faɗi maganar da har yau tana kunnena. Malam Sidi ya ce, "Likita ya ce ƙodarsa ta tsaya, amma ba ta mutu ba. Zafi da ƙishirwa da gudun suka tsayar da ita. In ta tashi cikin mako biyu, zai rayu. In ba ta tashi ba, babu abin da muke da shi a nan da zai tashe ta."

Na ce, "To a ba shi ruwa mana! A kawo tulu in ɗura mai!" Na riga na miƙe zan fita nema. Likita ya riƙe hannuna. Ashe lokacin ruwa ya wuce. Yanzu da ƙodar ba ta fitar da komai, duk abin da ya sha a jiki zai tsaya, ya hau ƙirji ya shaƙe shi. Dokar ita ce: abin da ya fita, shi za a mayar, da ƙarin kwalba ɗaya a yini. Ba nama, ba gishiri, ba kanwa, ba fura. Sai ɗan kunu tsararo da sukari da man shanu, shi ma cikin lissafin kwalbar yake.

Aka ba ni kwalba ta tara fitsari. Moɗar awo guda ɗaya ce a ɗakin da aka kwantar da shi gaba ɗaya, mutum wajen ashirin, kullum ana nemanta ba a gani. Na gaji da jira na ciro tef ɗin awona daga aljihu, don ko masallaci ba na zuwa ba shi. Na sa Malam Sidi ya zuba mini ruwa da moɗar sau ɗaya, na auna tsayinsa a jikin kwalba, na ja layi da allin ɗinki. Daga ranar kowace safiya in dasa kwalba a kan dakali, in durƙusa, in auna, in rubuta a bayan kati. Masu jinya suka sa mini suna Telan Kwalba. Da farko na ji haushi, daga baya har nasu suke kawo mini.

Rana ta farko rabin inci. Ta biyu rabin inci. Ta uku ko rabin bai kai ba.

Ba awon ne ya fi wuya ba, ƙishirwar ce. Leɓunansa suka tsattsage, harshensa ya yi fari. Kwalbar shansa nakan raba ta da cokali daga safe zuwa magariba, in ta ƙare ta ƙare. Rana ta huɗu da azahar, zafi ya cika ɗakin, na gado na kusa da mu ya ɗaga moɗa yana kwankwaɗa, maƙogwaronsa na ƙara. Ummaru ya juyo ya ce, "Yaya, ruwa."

Na ce, "Ka yi haƙuri, likita ya hana. Sai an jima."

Ya rufe ido ya ce, "Hakanan kac ce man Kaduna."

Na ɗauka bai tuna ba. Duk makonnin nan ina lallaɓa raina da cewa zafin ya shafe masa ranar. Na tashi na fita, na zauna gindin wata darbejiya, ni da gemuna, na yi kuka har wani mai sayar da goro ya zo yana yi mini ta'aziyya. Da na dawo na jiƙa ƙyalle na goga masa a leɓe, na ce, "Ummaru, ka gahwarta man. Ni nij ja maka wanga abu."

Can ya ce, "Na so in sha, Yaya. Aradu na so in sha." Ya nisa. "Amma da ni ab bisa keken, kai kana gudu, abin da ni ka ce ma ke nan. Haka munka iske." Ya kama bakin rigata ya riƙe har barci ya ɗauke shi. Ban ba shi ruwan ba, kuma ban taɓa yin abin da ya yi mini wuya kamar wannan ba.

Gwaggo Hajo ta zo dubiya a rana ta shida, da ƙwaryar fura a ɓoye cikin mayafi. Na tare ta a bakin ƙofa. Ta ce, "Dikko, ni za ka hana? Ni nig goye ka!" Na ce, "Gwaggo, ko Baba yat taso, ba shi shiga da hurag ga." Ta zauna a baranda ta yi fushi, ta rabar da furar ga masu jinya, sannan ta shiga ta zauna tana yi masa fifita har yamma. Da za ta tafi ta tambaye ni, a hankali, yau inci nawa.

Rumfata na rufe, masu ɗinkin Sallah suka gaji suka kwashe yadinsu suka kai wa wasu. Wasu ba su sake dawowa ba har yau, ban kuma riƙe su a rai ba. Maƙwabcina a kasuwa, wanda muka yi shekara ba ma gaisawa a kan wani almakashi, shi ya ƙarasa ɗinkin da na bari rabi, bai ce mini komai ba sai daga baya na ji.

Rana ta bakwai inci ɗaya. Ta takwas inci ɗaya da kwata, na auna sau uku don kada son zuciya ya ja mini tef. Malam Sidi ya ce kada in yi murna tukuna. Ta tara inci biyu, kuma kalar ta fara washewa. Shaƙuwar ta tsaya. Rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, Ummaru ya ce in miƙo kwalba da sauri. Na miƙa, na juya baya kamar yadda na saba. Na ji ƙara ba ta tsaya ba. Na ci gaba da jira, ba ta tsaya ba. Sai ya ce, "Yaya, kawo wata, wagga ta cika."

Ban san lokacin da na ɗauki kwalbar nan na ɗaga sama ba. Na bi gado-gado ina nuna wa mutane, har da masu cin abinci, na fita baranda ina kiran Malam Sidi, na shiga ofishin likita ba sallama na dasa masa ita a kan tebur. Ya duba, ya yi dariya, ya miƙo mini hannu. Ya ce yanzu doka ta juya: ƙodar ta tashi, za ta yi ta zuba, a ba shi ruwa gwargwadon abin da ya fita, kada a bari ya bushe. Na ɗebo moɗa cike na kai wa Ummaru. Garin sauri har na jiƙa masa riga.

Sauran jinyar ta ɗauki lokaci. Ya ƙara mako uku a asibiti, ya fito ya rame ƙwarai, yana dogara sanda. Tafin ƙafarsa ya yi sabuwar fata mai laushi wadda ba ta jure rairayi mai zafi. Sai bayan kaka ya iya tafiya daga gida zuwa kasuwa ba hutawa. Bai sake ɗaukar jaka da gudu ba, aka ba shi keke yana kai wasiƙun da shi, kuma ya yi shekaru yana wannan aiki lafiya. Yana nan da ransa, da 'ya'yansa, har ya fi ni ƙiba.

Don haka ga abin da nake roƙo. Wanda zai yi gudu mai nisa cikin zafi ya sha ruwa a hanya, ko wa ya hana shi. In kun ga mai gudu ya daina zufa, ko yana magana ba kai, ku kai shi inuwa ku jiƙa shi, kada ku rufe shi. In likita ya ce a zauna, a zauna. In fitsari ya yi duhu ko ya ragu, a faɗa, a bar kunya, a tafi asibiti ranar. Baba bai yi ƙarya ba, a hanyarsa da lokacinsa abin ya yi masa aiki. Mu ne muka ɗauki dokar safiyar Shagari muka kai ta tsakar ranar Kaduna.

Ranar da kwalbar ta cika, ban iya jiran mai zuwa gida in ba shi saƙo ba. Na bar Ummaru hannun Malam Sidi na hau motar Bodinga. Ban yi tunanin yadda zuwana zai zama ba: babban ɗa ya dawo daga asibiti shi kaɗai, da rana tsaka, ido jawur. Tun daga bakin kasuwa mutane suka fara bina a baya shiru. Kafin in kai gida Liman da dattawan unguwa sun taru a ƙofar zaure, wani har ya fara shimfiɗa tabarmi. Na wuce su na shiga ciki.

Inna na zaune bakin ɗakinta, ta rame, Gwaggo na gefenta. Ta dube ni ta dafa ƙasa da hannu biyu. Na durƙusa na buɗe baki, sai kunya ta kama ni, na rasa kalmar da zan faɗa gaban mahaifiyata. Na ce, "Inna, jiki da sauƙi."

Ta ce, "Dikko, hwaɗa man gaskiya."

Na ce, "Abin da likita ka jira, ya zo." Na nuna tsayin kwalbar da hannuna, na ɗaga yatsu biyu.

Gwaggo ce ta fara ganewa, ta saki guɗa. Inna ta miƙe tsaye. A waje aka rikice, an zo zaman makoki ana jin guɗa. Liman ya yi gyaran murya daga zaure ya ce a tambaya, lafiya, haihuwa aka yi ko me? Inna, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba namijin da ya taɓa jin muryarta daga waje, ta taka har bakin zaure, ta tsaya bayan asabari, ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"A hwaɗa ma Liman, Ummaru ya yi hitsari! Kwalba biyu!"

Sannan na ji Liman ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ce kowa ya zauna a kan tabarmin da aka shimfiɗa, a ɗaga hannu a yi fatiha.